Gasar Shaɗaranji A Damazin: A Buɗe Ƙofa Ga Kowa Kada Dara Ta Sake Cin Gida

'Yan'uwa 'yan kasuwa na Damazin da Rusairis, da waɗanda suka saba bin hanyar Gaisan da Kurmuk da Galabat, da ma waɗanda yaƙi ya tarwatsa zuwa wasu garuruwa. Allah Ya ƙara mana haƙuri, Ya sanya albarka a cikin nema. Yau a wannan fili muna so mu ɗan jingine zancen farashin riɗi da dawa da canjin kuɗi, mu tattauna wani al'amari da mai karatu zai iya ɗauka wasa ne, domin kuwa sunansa ma wasa. Muna nufin shaɗaranji, wanda wasu ke kira darar Turawa. Kiran da muke yi shi ne 'yan kasuwarmu su ɗauki nauyin shirya buɗaɗɗiyar gasar wannan wasa, ta 'yan koyo da masu sha'awa, wadda za a bar ƙofarta a buɗe ga kowace ƙabila da ke zaune a jihar Shuɗin Nilu.

Da farko dai ya kamata a gyara wannan suna na darar Turawa. Masana tarihi sun tafi a kan cewa wasan ya samo asali ne daga ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi bayan Musulunci ya isa can, su kuma suka kai shi Andalus inda Turawa suka gan shi. A fadar halifofin Abbasiyawa da ke Bagadaza an yi gwanaye irin su Abubakar Assuli, wanda ya rasu wajen shekarar 946, har aka riƙa buga misali da ƙwarewarsa. Maƙwabtanmu na Habasha suna da nasu samfurin da suke kira santaraj, wanda sarakuna da manyan fada suka shafe ɗaruruwan shekaru suna bugawa. A cikinsa kowa kan yi ta tura 'ya'yansa ba tare da jiran abokin karawa ba, har sai an ci ɗa na farko sannan a koma bi da bi. A fadar Borno ma an yi tsatsarandi, mai 'ya'ya irin su mai da ciroma da kaigama, wanda wani jami'in mulkin mallaka mai suna Meek ya rubuta bayaninsa a 1934. Ke nan hanyar da kakanninmu suka bi daga ƙasar Hausa zuwa gabas ta ratsa ƙasashen da suka san wannan allo tun kafin zuwan Bature.

Ita kuwa wannan hanya kowa ya san labarinta. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar wajen 1906, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kafinsu da bayansu akwai maniyyata aikin Hajji da suka yada zango, zangon ya zama gida. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira sun sha gumin iyayenmu. Da aka kammala ta Rusairis a 1966, Damazin ta bunƙasa, manoma da masunta da 'yan tireda na Hausawa suka zama wani ɓangare na rayuwar garin. An yi auratayya, an yi maƙwabtaka, an ci kasuwa ɗaya da Barta da Hamaj da Funj da Ingasana da sauransu.

To amma duk wannan bai hana abin da ya faru a 2022 ba. A watan Yulin shekarar, rikici a kan ƙasa da sarautar gargajiya ya tashi, ya shafi Gaisan da Rusairis da Damazin, aka rasa rayuka sama da 100, aka ƙona shaguna da gidaje. A watan Oktoba wutar ta sake ruruwa a yankin Wad Mahi, inda cikin 'yan kwanaki aka kashe mutum wajen 200. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa tsakanin Yuli da ƙarshen wannan tashin hankali an rasa fiye da mutum 350, wasu dubun dubata kuma suka bar gidajensu. Waɗanda suka mutu ta kowane ɓangare maƙwabtan juna ne, wasu ma abokan ciniki ne da ke bin juna bashi. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa dara ta ci gida.

A watan Janairun 2023 shugabannin al'ummomi sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman tare a Damazin. Ba a jima ba, ranar 15 ga Afrilun 2023, babban yaƙi ya ɓarke a Khartum. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa a Disambar 2023, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. A tsakanin nan makarantu sun daɗe a rufe, makamai sun yawaita a hannun jama'a, yara da dama sun tashi ba su san komai ba sai gudun hijira da zaman kashe wando.

A nan ne maganarmu take. Dattawa ne ke sa hannu a takardar sulhu, amma ranar da fitina ta tashi samari ne ke ɗaukar gora da adda da bindiga. Mu 'yan kasuwa muna haɗuwa da kowa, domin ciniki ba ya tambayar asali, wanda ya zo da kuɗinsa shi ne namu. Su kuwa yaranmu, kowace unguwa da majalisarta, kowace ƙabila da rumfar shayinta. Yaron da bai taɓa zama da ɗan wata ƙabila na tsawon rabin awa ba, abu ne mai sauƙi a gaya masa cewa wancan dodo ne, ya kuma yarda. Saboda haka muna bukatar wuraren da za su zauna gaba da gaba, su kara da juna iya ƙarfinsu, ɗaya ya yi nasara ɗaya ya faɗi, sannan kowa ya koma gida lafiya. Buɗaɗɗiyar gasar shaɗaranji tana daga cikin wurare mafi araha da za a iya samar da haka.

Bari mu yi wa wanda bai sani ba bayanin yadda irin wannan gasa take. Ana ce mata buɗaɗɗiya ne saboda ba a gayyatar zaɓaɓɓu, duk wanda ya rubuta sunansa ya shiga, yaro ko babba, gwani ko ɗan koyo. Yawanci ana bin wani tsari da aka fara amfani da shi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1895. A wannan tsari ba a fitar da kowa don ya faɗi. Wanda ya ci yana samun maki ɗaya, canjaras rabin maki, wanda aka ci ba ya samun komai, sannan a zagaye na gaba a haɗa masu maki iri ɗaya, kuma mutum biyu ba sa karawa sau biyu. Mutum 32 zagaye 5 ya ishe su a fitar da zakara. Abin da ya fi burge mu shi ne ba wanda ke zaɓar abokin karawarsa. Lissafin maki ne ke zaunar da kai gaban wanda ya zaunar da kai, ko ɗan unguwarku ne, ko wanda rabonka da gaisawa da danginsa tun 2022.

Allon gida 64 ne, kowa yana da 'ya'ya 16: sarki, waziri, giwa biyu, doki biyu, ganuwa biyu, da askarawa takwas. Masu wasan sun yi wa 'ya'yan kuɗi kamar kaya a kasuwa: askar ɗaya, doki ko giwa uku, ganuwa biyar, waziri tara, sarki kuwa ba shi da farashi domin in ya mutu wasa ya ƙare. Dokoki uku ne suka raba gasa da wasan gindin bishiya. Ɗan da ka taɓa shi za ka tafiyar, babu fasawa. Akwai agogo mai fuska biyu, wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi. 'Yan kallo kuma ba su da baki, saɓanin darar majalisa inda na tsaye ya fi na zaune iya wasa.

Yanzu mu ƙaddara wani wasa a zagaye na uku, irin wanda ake gani kullum tsakanin 'yan koyo. A gefe ɗaya ga wani Alhaji mai sayar da hatsi, ɗan shekara 50, wanda ya daɗe yana lallasa abokansa a rumfa. A ɗaya gefen ga wani yaro ɗan Barta mai shekara 14. Alhaji ya raina yaron, sai ya fito da giwa da waziri tun da wuri, yana nufin gidan nan mai rauni da ke kusa da sarki, don ya gama wasa a taku huɗu kamar yadda ya saba yi wa sababbin shiga. Yaro ya san dabarar, ya tare da askar, ya fito da doki, ya yi ta korar wazirin Alhaji daga nan zuwa can, shi kuwa 'ya'yansa suna ta fitowa fili. Can sai Alhaji ya hango wani askar da ba mai tsaronsa, ya kai hannu ya taɓa waziri. Hannunsa na kai sai ya ga tarkon: in ya ci askar ɗin, doki zai dira gidan da zai yi wa sarki da waziri barazana a lokaci guda. Ya janye hannu zai taɓa wani ɗan. Yaro ya dube shi cikin ladabi ya ce, Baba, ai ka taɓa. Alƙalin wasa ya matso ya tabbatar. Alhaji ya duba ya ga duk inda ya kai wazirin akwai asara, ya rufe ido ya ci askar mai kuɗi ɗaya, ya ba da waziri mai kuɗi tara. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wasa bai ƙare a nan ba, domin ɗan koyo ɗan koyo ne. Yaro ya ga nasara a hannu, kansa ya fara rawa, agogonsa kuma yana ci. Ya cinye 'ya'yan Alhaji har ya bar masa sarki kaɗai a lungu, sannan cikin gaggawa ya matso da waziri ya toshe duk gidajen da sarkin zai iya zuwa, alhali bai yi masa kish ba. A dokar wasan, idan taku ya zo kanka ba ka da inda za ka motsa kuma ba a yi wa sarkinka kish ba, wasa ya tashi canjaras. Kowa ya tashi da rabin maki. Suka yi musafaha, suka sa hannu a takardar sakamako, sannan kamar yadda al'adar gasa take suka koma gefe suka sake jera 'ya'ya, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa inda ya kuskure.

Jama'a, a dubi abin da ya faru a wannan tebur. Babba ya bi doka a gaban yaro ba tare da girmansa ya zube ba. Yaro ya nemi haƙƙinsa ba tare da rashin kunya ba. An yi jayayya, alƙali ya yanke, aka karɓa. Kowannensu ya ga cewa abin da ya same shi daga hannunsa ya fito, babu wanda zai ce an yi masa maguɗi don ƙabilarsa. Wasan gwanaye na duniya yana da daɗin kallo, amma wasan 'yan koyo ya fi mana amfani, saboda cike yake da kurakurai, kuma mutanen da suka ga kuskuren juna suka yi dariya tare da wuya su koma su ɗauki juna dodanni. Hatta a lokacin yaƙin cacar baka, a karawar da aka yi a Rekjabik a 1972, Boris Spassky na Tarayyar Sobiyat ya tafa wa Bobby Fischer na Amurka bayan ya cinye shi a wasa na shida.

Mun san akwai masu ja, kuma jansu yana da tushe. Na farko shi ne addini. Mu mabiya mazhabar Imam Malik ne, kuma sananne ne cewa Imam Malik bai so wannan wasa ba, malaman mazhabar da dama sun tsananta a kansa. A wajen Shafi'iyya kuwa makaruhi ne, muddin babu caca, bai shagaltar da mutum daga salla ba, kuma babu zagi da rantse-rantse. Wannan fili ba na fatawa ba ne, don haka duk mai niyyar shiryawa ya fara zama da malaman garinsa, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba kada a matsa masa. Abin da muke iya cewa shi ne illolin da malamai suka ji wa tsoro, tsararriyar gasa ta fi zaman majalisa iya kauce musu. A sa shiga ta zama kyauta, kada a karɓi ko fam ɗaya daga masu wasa, kyaututtuka su fito daga aljihun 'yan kasuwa waɗanda ba sa cikin masu karawa, a tsara zagaye yadda ba zai ci lokacin salla ba, a kuma kori duk wanda aka kama yana caca a gefe.

Ja na biyu shi ne, ana fama da yaƙi da tsadar abinci wa ke ta wasa? Gaskiya ne ciki shi ne gaba. To amma yaron da ba ya makaranta kuma ba ya da aiki, wuni yake yi a zaune, kuma masu neman 'yan ɗaukar bindiga sun san inda yake zama. A Legas wani matashi mai suna Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa wannan wasa a 2018, har da masu kwana a ƙarƙashin gada, kuma ta dalilin haka wasunsu sun samu komawa makaranta. A unguwar Katwe ta birnin Kampala, Phiona Mutesi tallar masara take yi kafin ta koyi wasan, ta kai ga wakiltar Yuganda a gasar ƙasashen duniya. Babu ɗayan waɗannan da ya jira sai talauci ya ƙare.

Ja na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne allo ba zai raba gardamar ƙasa da sarauta ba. Haka ne. Wannan aikin hukuma ne da sarakuna da kotuna, kuma dole a ci gaba da neman adalci ta nan. Haka kuma kada wani ya ruɗe mu da cewa shaɗaranji zai mayar da yaro gwanin lissafi. Wani babban bincike da aka yi a makarantun firamare na Ingila, wanda aka fitar a 2016, bai ga wani ƙarin maki a jarrabawar lissafin yaran da aka koya wa wasan ba. Ribar da muke hange ƙarama ce amma tabbatacciya: sanin juna, sabo da bin doka ɗaya, da koyon karɓar faɗuwa. Ranar da jita-jita ta tashi a kasuwa, yaron da ke da lambar wayar abokin karawarsa na wancan ɓangare zai kira ya tambaya kafin ya fito da gora.

Me ya sa muka ɗora wa 'yan kasuwa wannan nauyi? Saboda mu ne muka fi kowa asara idan gari ya rikice. Shagon ɗan kasuwa ake fara ƙonawa, motarsa ake tarewa, bashin da ya bayar shi ke nutsewa. Manomi na iya komawa gonarsa bayan ƙura ta lafa, amma jarin da ya ƙone ya tafi ke nan. Bugu da ƙari mu ne muka san darajar dokar an taɓa an tafi, domin a kasuwar iyaka inda babu takarda babu kotu, da kalmar baki ake ɗaukar kayan miliyoyi. Wanda ya ce ya sallama sannan ya fasa, ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Haka nan mu ne muke da abokan hulɗa a kowace ƙabila, har da tsallaken iyaka cikin Habasha, waɗanda za mu iya gayyata su amsa.

Aikin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Allo 16 sun ishi mutum 32. Tela na iya ɗinka allon a kan yadi, kafinta ya sassaƙa 'ya'yan. Agogon wasa akwai manhajarsa kyauta a wayar salula, a ajiye waya ɗaya a kowane tebur, a karɓe sauran wayoyin masu wasa. In aka ba kowa minti 15, zagaye 5 na ƙarewa cikin wuni ɗaya. Ajin makaranta ko ɗakin taron wani kulob ya isa, tare da izinin hukuma kamar yadda halin tsaro ya tanada. Kyauta ba sai ta kuɗi ba, buhun dawa ko keke ko littattafan makaranta sun wadatar. A ware teburan dara a gefe domin dattawa, a kuma yi wa 'yan mata nasu sashen a ƙarƙashin kulawar malamansu mata.

Sharaɗi ɗaya ne muke roƙon kada a taɓa. Kada a sa wa gasar sunan ƙabila, kada a ce kofin Hausawa ko na wane da wane. Kwamitin shiryawa ya haɗa kowa, alƙalan wasa su fito daga ɓangarori daban-daban, takardar rajista ta tsaya a kan suna da shekaru kawai. In aka mayar da ita gasar 'yan gida, an yi asarar yadi da katako, domin za mu sake zama ne mu kaɗai muna kallon juna. Taken hukumar shaɗaranji ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924, ma'anarsa ita ce dukkanmu dangi ɗaya ne, mu kuwa addininmu ya riga ya gaya mana dalilin da ya sa aka yi mu ƙabila-ƙabila, wato don mu san juna.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa, da sarakunan Hausawa, da malaman makarantu, da Alhazanmu masu hannu da shuni, duk inda aka samu sararin cin kasuwa a samu sararin shimfiɗa allo. A fara da mutum 20 in su aka samu, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashenmu lafiya, amin.